Ranar Da Na Yi Wa Mai Busa Liƙi

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na kusa sallamar da igamata, katin zamana a Saudiyya, saboda riyal hamsin da karambani.

Direba ne ni a wata sharika, wato kamfanin motoci, da ke Aziziyya a Madina. Yawanci masu ziyara muke ɗauka, amma wata shekara sharikar ta samu kwangilar yawo da wasu makaɗa daga ƙasashen Turawa, daga filin jirgi zuwa Ula, daga Ula zuwa Yanbu. Mudirinmu, wato manaja, Bandar, jikan Takari ne, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa. Ya ja mini kunne tun a gareji: "Sug wa bas." Wato in yi tuƙi, shi ke nan.

Rukuni biyu ne makaɗan. Akwai samari masu kiɗan rok, gashi har kafaɗa, waɗanda a dandamali sai ka rantse aljanu ne suka hau su, amma a mota barci kawai suke yi da baki buɗe (ɗayansu kuka yake yi wa uwarsa a waya saboda ciwon ciki). Rayuwar tasu ba abin sha'awa: loda kaya, sauke kaya, otel, shawarma mai sanyi. Sai kuma wani dattijo baƙar fata ɗan Amurka mai busa saksafon, wani kakaki mai lanƙwasa, shi jaz yake yi. Baba nake ce masa. Kujerar bayana yake zama, ba ya barci, sauraro kawai.

Kullum da safe nakan kira yayana a Kano. Kun san mu da gaisuwa. Ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, ya iyali, ya su Hajiya, madalla, to madalla. Ashe Baba yana ƙirga sautin da yatsa a gwiwa. A hanyar Yanbu ya sa tafinta ya gaya mini wai ya haɗa sabon kiɗa daga gaisuwata, busa ta yi tambaya, ganga ta amsa. Ya ce haka yake samun kiɗansa, daga kukan ƙofa, daga tafiyar jirgin ƙasa, daga faɗan maƙwabta. Na ce to Allah ya taimaka. A raina kuwa na ce tsufa ne.

Da yamma aka bar mu direbobi muka tsaya can gefen zauren wasan a Yanbu. Baba ya fito, ya yi jawabi, ya nuno ni da hannu, ya ambaci sunana ɓaro-ɓaro a lasifika. Sannan ya fara busa. Wallahi gaisuwata ce, har da "madalla" ɗin ƙarshe. Tsigar jikina ta tashi.

To ni a inda na tashi, makaɗi ba ya kiran sunanka a bainar jama'a ka tsaya ƙiƙam. Abin kunya ne har ga zuriyarka. Ban yi shawara da kowa ba, ƙafafuna ne suka yanke hukunci. Na zaro hamsin, na gyara hula, na hau matakala ina rangaji (eh, har da rangaji), na isa gaban Baba na manna masa a goshi.

Goshin da gumi, ta kama. Sai dai ta zame ta rufe masa ido ɗaya. Busar ta ƙwace ta yi ƙara irin ta akuyar da aka taka. Ina laluben aljihu in ƙara masa goma, ƙarti biyu masu tsaro suka ɗauke ni cak, takalmina ɗaya ya rage a dandamali. Sai wayoyi a sama, 'yan kallo na ɗaukar bidiyo.

A wani ɗaki suka zaunar da ni, suka karɓi igamata suna juya ta. Na ji kalmar "huruj" sau biyu, wato kora gida. Bandar ya shigo fuska a murtuke, ya daɗe yana yi musu bayani cewa al'ada ce, kakarsa ma tana yi a biki. Baba ya aiko cewa shi bai ji haushi ba, amma a tambaye ni ko dole sai a ido. Da suka miƙo katin, Bandar ya dube ni ya ce da Hausa tsantsa, "Kawu, nan ba Fagge ba ne."

Ba a kore ni ba. An dai mai da ni motar kaya, ni da lasifikoki da wayoyi, waɗanda ba sa kiran sunan kowa. Kafin in dawo Madina bidiyon ya riga ni isa, masu shayi a Anbariyya na ganina suke miƙo goshi.

Abin da na koya kaɗan ne. Idan aka yabe ka a ƙasar da zamanka na kati ne, ɗaga hannu daga inda kake, ka yi murmushi, ka bar hamsin ɗinka a aljihu.