Yadda Za Ka Zama Masanin Halayyar Ɗan Adam Kafin Fenti Ya Bushe

Ka gaji da zaman kashe wando? Bi matakan nan. In ba a kira ka Dakta ba kafin wata ya mutu, ka canza mini suna. A gabana ƙanin matata ya bi su, mutumin da bara war haka gyaran fanka yake yi.

1. Allo kafin komai

Mai sayar da magani sai da lasisi. Ɗan acaɓa ma ana tare shi a nemi takarda. Amma mai taɓa zuciyar mutane, fenti kawai yake buƙata. Sa a rubuta maka "Ƙwararren Masani" da manyan baƙaƙe. Da mai fentin ya tambayi ƙanin matata inda ya yi karatu, ce masa ya yi, "Malam, kai wa ya tambaye ka naka?"

2. Kayan aiki

Doguwar kujera, kwalin tishu, da tabarau ko da idonka garau ne. Jera littattafai masu kauri a kanta. Nasa na koyon haɗa wayar lantarki ne, sai ya juya sunayen suna kallon bango.

3. Rage baki

Gyaɗa kai. Ce "uhm". In mutum ya tsaya, ce "ci gaba". Shiru ma magana ce, kuma a wannan sana'ar biyan ta ake yi.

4. Nemo mai laifi

Wata malamar makaranta ta zo masa da ciwon kai da faɗuwar gaba. Ya dube ta ta saman tabarau, ya ce, "Yayarki ce matsalarki." Har yau ba sa ga maciji da yayar. Ciwon kan yana nan, amma yanzu ta san wanda za ta harara.

5. Ranar da abin ya fi ƙarfinka

Za ta zo, kada ka nuna. Shi ma ta zo masa, ranar da wata mata ta kawo mijinta, direban tirela. Tun da ya yi hatsarin da abokin tafiyarsa ya rasu, barci ya ƙaurace masa. Ko ƙarar birki ya ji, sai jikinsa ya ɗauki rawa.

Ta ce, "Dakta, ko asibiti za mu kai shi?"

Ƙanin matata ya yi murmushi. "Haba, baiwar Allah! Tsoro ne kawai. Gobe ya koma kan sitiyari, zai ware."

Ya kuwa koma. A tsakiyar gada hannuwansa suka sandare, ya tsayar da motar yana kuka, bayansa ana ta danna ham. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Kamfanin da yake yi wa aiki dai ya sallame shi, yanzu ko ƙofar gida ba ya leƙawa.

6. In an kai ƙararka, sha kuruminka

Matar ta fara da ma'aikatar lafiya. Suka ce, "Likita ne?" Ta ce a'a. "To, ba namu ba ne."

Ta wuce wurin 'yan sanda. "Ya yi masa allura? Ya ba shi ƙwaya?"

"Magana kawai ya yi masa."

"Baiwar Allah, ba ma kama magana."

Daga ƙarshe ta gano ƙungiyar masanan gaske, a wani ɗan ɗaki bayan jami'a. Shugabarsu ta saurare ta tsaf, har da share hawaye, sannan ta ce, "'Yar'uwa, da yana da lasisi, da yau mun ƙwace. Mu kanmu shekara da shekaru muke roƙon a yi dokar da za ta ba mu lasisin."

A makon nan ƙanin matata ya sayi kujera ta biyu.

Hattara: mai wannan rubutu ba shi da lasisin ba da shawara, kuma ba wanda ya nema. Duk abin da ya biyo baya, ba ruwana. Mai ƙorafi ya nemi hukumar da abin ya shafa. In ya same ta, don Allah ya yi wa matar direban kwatance, har yanzu tana yawon nema.