Yadda Nomau Ya Ja San Inna Neman Makarantar Tuƙin Jirgi

Akwai wani mutum a Tungar Rini, ya san kansa, da ba shi da aiki sai zama teburin mai shayi yana ba da labarin wautar Nomau ana ƙyaƙyatawa. Butulu ne. Kuma bai taɓa kai labarin ƙarshe ba, don a ƙarshen nasa asirin yake kwance. To ga shi nan daga tushe, ya ji da kunnensa.

Nomau ƙato ne, kafaɗa kamar ƙofar zaure, ya doshi talatin ba sana'a. Su uku ne a gida: shi, da uwarsa Inna Tasalla, da ƙanenta Kawu Labbo, wanda bai taɓa sa ƙafa a kwalekwale ba, amma in ana hira ya fi kifi sanin ruwa. Sai wani baƙin sa na Inna, shi ne duk dukiyar gidan. Ciwon Nomau ɗaya ne: abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Ka ce ya jira ka a nan, ko gobara ta tashi a nan za ka tarar da shi.

Wata rana Mamuda, mijin yayar Nomau, mai gadi a gidan wani attajiri a Legas, ya bugo waya. Wai maigidansa ya sayi jirgin ruwa na shaƙatawa, irin mai tafiya da iska, yana neman matuƙi mai jin magana. In Nomau ya koyi tuƙi ya zo da takardar shaida kafin babbar salla, aikin nasa ne. In ya makara, ƙanen kukun gidan na nan yana lasar baki. Inna ta kwance san ta danƙa wa Nomau igiya, ta ce shi ne kuɗin makarantar, kuma sa ba ya sayuwa sau biyu, saboda haka ya buɗe ido. Kawu Labbo ya ce masu koyar da tuƙi sun cika bakin ruwa a Yauri, masu ɗura wa mutum karatun shekara cikin 'yan watanni, amma rabinsu 'yan iska ne.

"Kada ka yarda da malamin da bai iya iyo ba," in ji shi. "Kuma ban ce a gaya maka ba, ka gani da idonka."

Wata rana, sahun farko, Nomau ya isa wata makaranta yana jan sa. Malamin na tsaye bisa gadar katako, farin kaya fes, har da hular matuƙa. Nomau ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi ko ya iya iyo. Malamin ya yi murmushi ya ce shi da ya sha iyo a teku. Nomau ya ce madalla, sai dai kawunsa ya ce ya gani. Ya sa hannu ɗaya ya tura shi cikin ruwa. Gaskiyar magana malamin ya iya iyo, ya ma iya gudu, don da ya fito sai da ya bi Nomau da filafili har kasuwar kifi. Nomau ya buga wa Kawu waya yana haki, ya ce malamin ya ci jarrabawa, amma kamar ba ya son ɗalibai.

Wata rana Inna ta karɓi wayar da kanta, ta ce a rabu da shawarar Labbo. Ita abin da ta sani, inda ba a ƙoshi ba a karatu, don haka ya ci abincin makarantar tukuna ya ga ko ɗalibansu na ƙoshi. Nomau ya nufi makaranta ta biyu, ya zarce madafa. Ɗalibai na kan ruwa, mai girki ta tafi ɗebo itace, ga tukunyar shinkafa da wake ta tsotse. Ya yi bismilla. Da ya ga gindin tukunya ya koma gefe ya zauna, ya zuba ido. Ɗalibai suka dawo a jiƙe, suka leƙa tukunya, suka soma zage-zage, wani har da ƙwalla. Nomau ya girgiza kai, ya ja sansa ya fita kafin a gane.

"Inna, girkinsu da daɗi," ya ce a waya, "amma wallahi na gani da idona, ko mutum ɗaya bai ƙoshi ba."

Wata rana Mamuda ya ji shiru ya bugo, ransa a ɓace, ya ce salla fa na matsowa. Ya ce makarantar kirki ita ce wadda in ka shiga jirgi da safe ba ka fita sai rana ta faɗi. Da sassafe Nomau ya zaɓi jirgin da ya fi kowanne girma a tasha, ya shige shi da san. Na 'yan albasa ne. Aka tambaye shi ina za shi, ya ce karatu. Aka haye da shi, aka sauke kaya, ya ƙi fita. Aka dawo da shi, ya ƙi fita. Haka aka wuni ana kai shi ana komo da shi, shi yana amai ta wannan gefe, san yana cin albasar mutane ta wancan. Rana na faɗuwa ya sauka a tsallake, ya miƙa wa matuƙin hannu ya ce a ba shi takardar shaidarsa. Matuƙin ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗora masa albasa guda a tafin hannu.

Wata rana, a tsallaken nan, Nomau ya ji lasifika na kiran masu son aikin jirgi a teku. Sabuwar makaranta ce. Ga jirginta a gaɓa, rabinsa cikin ruwa, farin fenti na ɗaukar ido, da doguwar sanda da tutoci. Samari sun yi layi, wani da awaki, wani da buhunan shinkafa. Mai makarantar, wani mai baƙin tabarau, yana ta cewa yau ake rufe karɓa, jibi a fara tuƙi. Yana hango san ya kira Nomau da ranka ya daɗe, ya jawo shi gaban layi. Nomau ya ce bari ya ji ta bakin kawunsa. Kawu Labbo na tsakiyar cin tuwo.

"Kai Nomau, ka ishe ni. Ka duba jirgin ciki da waje, sama da ƙasa. In ya yi maka, ka ba da san mu huta."

Nomau ya leƙa ciki, an shimfiɗa leda mai furanni. Ya zaga waje. Ya hau sandar har ƙoli ya sauko. Saura ƙasa. Ya roƙi mai tabarau ya kife masa jirgin ya gani, mutumin ya yi dariya ya ce jirgi ba ƙwarya ba ne. Nomau bai yi musu ba. A gona in kututture ya ƙi fita ya san yadda ake yi. Ya ɗaura igiya a sandar jirgin, ya ɗaura wa san, ya buga masa tsawa. Sa ya sunkuyar da kai ya ja.

Jirgin ya ɗaga, ya yi ƙara, ya kife. Ashe ba shi da gindi. Katakon gefe ne kawai aka ɗora bisa bulo cikin laka, aka rufe da leda, kwaɗi suka yi gida a ƙarƙashi. Kafin samari su gama buɗe baki mai tabarau ya haye ɗan acaɓa, ko lasifikar bai tsaya ɗauka ba. Nomau kuwa ya durƙusa yana ba jama'a haƙuri, wai ya ɓata musu makaranta.

Wani Malam Gado, mai koyar da tuƙi can ƙasan kogi, da ya zo sayen ƙusa, ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce Nomau ya biyo shi. Nomau ya ce to, amma fa sai ya duba. Shi ma jirgin Malam ɗin sai da Nomau ya kife shi, da kwanon abincin Malam a ciki. Gindin duk faci ne, amma ko allura ba ta wucewa. Nan ya miƙa igiyar sa. Salla kuwa a Legas ta same shi, da takardarsa a aljihu.

Shi kuma mai labarin teburin shayi, ɗansa ne a gaba-gaban layin nan, riƙe da ragon layyar uban, kuma da ragon ya koma gida. Wannan ne ba ya faɗa. Kai mai karatu, in ka ce ƙarya ne, bulon na nan cikin laka a tsallake. Shiga jirgin albasa ka je ka gani, sannan ka dawo ka musa.