Rasuwar Ɗan Teku, Akwatin Kifin Gidan Ambo Dalle

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da tabarmar ɗaki wadda har yau ba ta gama bushewa ba, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta na nan Barru rasuwar akwatin kifinmu na gilashi, wanda jikokina suka raɗa wa suna Ɗan Teku. Ya cika ranar Juma'ar da ta gabata bayan an sauko daga masallaci, a bisa kafaɗun mazan ƙauyenmu, yana tsakiyar tafiya.

Marigayin ƙarami ne, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, amma ya riƙe amanar teku gwargwadon cikinsa. Shekara da shekaru yana kusurwar falo bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Iyakar maganarsa ɓul-ɓul-ɓul, safe da yamma. In aka ɗauke wuta sai ya yi tsit, mu kuma mu ruɗe, mu kama motsa masa ruwa da ludayi. Lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, a gabansa nake haɗa baƙi, kuma ko sau ɗaya bai yi mini dariya ba. Ba zan iya ba wa duk dangi wannan shaidar ba.

Ba a faɗin aibin mamaci. Sai dai gaskiya ƙanƙanta ta wahalar da shi. Rana na ɗan yin zafi sai ruwansa ya ɗume, ya ƙafe, gishiri ya yi masa yawa, murjanin teku mai rai da ke cikinsa ya kama yin fari kamar mai jinya. Ya jure, mu ma mun jure.

Ajalinsa ya zo ne ranar da aka ɗauke gidanmu, wanda na katako ne mai dogayen ƙafafu, irin wanda ake ɗauka ɗungum a kafaɗa. Ambaliya ta ishe mu a bakin gaɓa, aka tsayar da shawarar a kai gidan filin da maiɗakina Hajiya Cenning ta gada a tudu. Maza suka zo suka ɗaɗɗaura gorori a ƙafafun gidan, mata suka fitar da tangaran da duk wani abu mai fashewa. Na kwashe kifayen na sa a baho, amma na bar duwatsu da yashi da ɗan ruwa, domin duwatsun nan masu rai ne, ba a barinsu su bushe.

Hajiya ta leƙo ta ce, "Baban Rosma, a sauko da abin nan ƙasa."

Yayanta Daeng Marola, wanda ba a ɗaukar gida a ƙauyen nan ba da muryarsa ba, ya ce, "Ke bar shi. Mun ɗauki gida da firji a ciki, ko tari bai yi ba. Ƙanena, miƙo igiya." Na miƙa masa, ya ɗaure marigayin a ginshiƙin tsakiya tamau, yadda ake ɗaure kabad ɗin kaya.

Aka yi kirari aka ɗaga, gida ya kama hanya. A kwanar gonar ayaba na gaba suka sauke don su huta, na baya ba su ji ba. Gidan ya murɗe. Kalmar marigayin ta ƙarshe, wadda na ji da kunnena daga waje, ita ce ƙas! Sai ruwa ya biyo tsakanin katakan daɓe ya sauka a kan masu ɗauka. Wani daga ƙarƙashi ya yi ihu, "Jama'a, yau kuma ruwan sama da gishiri?" Daeng Marola ya fito yana kakkaɓe yashi daga hularsa ya ce, "Ba igiyata ba ce. Dama gilashin ya tsufa." Mun karɓi wannan a matsayin ta'aziyyarsa.

Marigayin ya bar kifaye biyu masu ruwan lemo, miji da mata, da wani shuɗin kifi wanda tun bara ya fi ƙarfin akwatin yake juyi da ƙyar, da jatan lande guda, da dodon koɗi waɗanda har yanzu ba su san an yi mutuwa ba, da rassan murjani. Duk marayun suna zaune a babban bahon Hajiya, wanda take kwaɓa garin shinkafa a ciki. Ga bikin 'yar ƙanwarta ya matso. Ta riga ta yi sanarwa a gaban shaidu: "Ran Laraba zan ɗauki bahona. In na tarar da su a ciki, miya za su shiga."

Ina amfani da wannan dama in ƙaryata masu yaɗa cewa tun marigayin na da rai an sha ganina ina auna bangon falo da taƙi. Gara nake dubawa. Haka kuma zuwan da na yi shagon kifi a birnin Makassar washegarin rasuwar, zuwan neman haƙuri ne. Mai shagon ne da kansa ya ja ni gaban wani ƙaton akwati ya ce ruwa mai yawa ba ya saurin fushi, zafi da gishiri ba sa juya shi farat ɗaya, kuma shuɗin kifin nan filin gudu yake buƙata. Na saurare shi don ladabi. Don ladabi kuma na ɗauko hotunan akwatuna uku, ƙarami da matsakaici da babba, na ajiye kusa da kofin shayin Hajiya, na koma gefe.

Ta daɗe tana faɗa. Ta ce katakon daɓenmu ba zai ɗauki teku ba. Ta ce mazan ƙauye sun rantse ba za su ƙara sa kafaɗa a gidan da ke da ruwa a ciki ba. Ta ce tun da ta aure ni take jin ƙarnin kifi, ta ɗauka in na bar sana'ar kamun kifi za ta huta, sai na kawo shi falo. Ina ta gyaɗa kai. Da ta gaji ta jawo hotunan, ta ture ƙaramin da matsakaicin, ta danna yatsa a kan babban.

"Wannan. In na ce ƙarami, baɗi war haka kana nan kana duba mini gara. Amma ba zai hau sama ba. A ƙarƙashin gida za a zuba masa siminti, inda gadon gorarka na ƙailula yake. Sai ka zaɓa, barci ko kifi."

An riga an fitar da gadon.

Game da jana'iza, ba za a binne marigayin ba. Hajiya ta ba da umarnin a cika shi da ƙasa a shuka barkono, tunda tsagar da ta kashe shi za ta riƙa tsiyaye ruwa. Za a yi hakan ranar Talata da hantsi a bayan madafa. A ranar ne kuma motar Makassar za ta sauke magajinsa a bakin titi, don haka ana roƙon masu zuwa gaisuwa su zo da kafaɗunsu. Za a karɓi ta'aziyya a ƙarƙashin gida, akwai shayi da wainar ayaba. Cikin magajin yana da faɗi ƙwarai, Laraba kuma ba ta da nisa, saboda haka kowa ya biya ta bayan tsibiri inda ruwan teku ke da tsabta ya ciko jarka. Wanda ya zo da jarka biyu mun san ya ji mutuwar nan. Wanda ya zo hannu rabbana, sai ya wuce madafa ya yi wa Hajiya bayani da bakinsa.

Sanarwa daga Ambo Dalle, a madadin marayun da ke cikin baho.