Tsarabar Ottmar ga Ma'aikatan Poland

Garin da Allah ya so da rahama shi yake ba mutum irin Ottmar Kelch. Mu dai an ba mu, kuma har yau ba mu san laifin da muka yi ba.

Ottmar ɗan Hilde ne, aikinsa ɗaura wa tukwane mariƙi a masana'antarmu ta nan Jamus. Na san shi tun yana lasar majina a ƙofar ɗakin cin abinci, inda na tsufa ina zuba wa ma'aikata miyar dankali. Da yake bakinsa ya fi na kowa kaifi a taro, sai aka zaɓe shi ya wakilci ma'aikata a hukumar kamfani, can saman bene, inda masu jari ke zama a gefe, namu a gefe. Washegari ya sayi baƙar kwat. Gaisuwarsa ta koma ɗaga yatsa biyu.

Ana haka kamfani ya sayi wata masana'anta a Poland, nauyin ma'aikatan can ma ya hau wuyan wakilinmu. Ƙungiyar ma'aikata ta tura shi horo a wani otal na bakin tafki, a koya masa dokar aikin maƙwabta, da karatun lissafin kamfani, da zama da mutanen da ba yarenka ɗaya da su ba. Ya dawo da takardar shaida da tumbi, muka raɗa masa suna Na-Ƙetare. Ya ji daɗin sunan, don gwano ba ya jin warin jikinsa.

"'Yan'uwa ma'aikata," in ji shi, yana tsaye kan benci, "ku tukunya kuke tunani, ni nahiya nake tunani."

Cikin duk karatun nan abu biyu suka zauna masa: in za ka baƙunci, ka riƙe tsaraba irin ta mutanen wurin, sannan abin da aka faɗa a saman bene sirri ne. Na biyun nan shi ya fi so. Traute Behn, mai goge murafe, ta tare shi wata rana a layin miya.

"Kai ɗan Hilde, da gaske ne za a kwashe aikinmu a kai Poland?"

Ya dubi rufi. Ya ja numfashi kamar mai ɗauke da gawa.

"Traute, da ana tsaga ƙirji da kin gani. Amma doka ta ɗaure min baki."

Tun daga ranar miya ta riƙa dawo min a kwanuka. Masu 'ya'ya suka soma duba aiki a wasu garuruwa. Shi kuwa cin abincinsa ya ƙaru.

Wa'adinsa ya zo ƙarewa, ga shi wannan karo wakilan masana'antun biyu ne za su taru su yi zaɓe. Kujerar nan kuwa ya fi son ta da matarsa Heidrun, ita ma ta sani. Sai ya ce zuwa da kai ya fi aike, ya tuƙa motarsa a ƙarshen Oktoba ya haye iyaka neman ƙuri'a.

Ya faɗa garin ana jajibirin ranar da mutanen can ke zuwa maƙabarta gai da mamatansu. Bakin titi cike da masu sayar da furanni da fitilun gilashi na ɗorawa a kan kabari. Mu nan arewacin Jamus ba mu cika wannan hidima ba, shi kuma ba mai tambaya ba ne.

"Gari ya ji labarin zuwana," haka ya buga waya ya shaida wa Heidrun.

Ya tsaya ya zaɓi tukunyar fararen furanni mafi girma da jar fitila mai murfin zinari. Tsaraba irin ta mutanen wurin ke nan, darasi ya yi amfani. Ya shiga masana'anta cikin baƙar kwat lokacin canjin aiki, ya dire kayan a gaban shugabar ma'aikata, Bogumiła Wrona, ya ƙyasta ashana ya kunna fitilar da hannunsa. Sannan ya sunkuyar da kai ya yi shiru, don gaisuwar da ya haddace da yarensu ta gudu.

Bogumiła ta iya Jamusanci. Ta dubi fitila, ta dubi kwat.

"Maigida Kelch, wa ya mutu? Rufe mu za a yi?"

Wayyo daɗi. Yau ga shi ana roƙonsa sirri a ƙasar waje.

"Baiwar Allah," ya dafa ƙirji, "doka ta ɗaure min baki."

Wani tsoho ya cire hula kamar a wurin jana'iza. Ottmar ya dawo yana ba da labari cewa a can an san darajar manya.

Mako bai zagayo ba sai ga manyan motoci a ƙofarmu, cike da mutanen Poland da tutoci da kulolin abinci, sun zo zanga-zanga. Da ma ba ma ga maciji da su. Ruwan sama ya koro su ɗakin cin abinci, suka yi kiciɓis da namu. Traute ta riƙe ƙugu.

"Sannunku. Injinan namu kuka zo ɗauka tun ba mu mutu ba?"

"Injinanku? Mu da wakilinku ya kai wa fitilar kabari?" in ji Bogumiła. "Mu za a rufe."

"Ke dai. Mu za a rufe."

"Wa ya gaya muku?"

"Ai bai faɗa ba. Ku wa ya gaya muku?"

"Mu ma bai faɗa ba."

Sai kawuna suka juya wuri guda. Na-Ƙetare yana kusurwa da cokali a baki.

Dole shugaban kamfani ya sauko daga bene. Ya rantse babu masana'antar da za a taɓa, tukwane ma ba sa isar masu saye. Da aka matsa masa a kan wane sirri ne ya hana wakilinmu barci, sai ya ce shi dai babban abin da hukuma ta yi gardama a kai bana shi ne ko a mayar da mariƙin tukunya ja maimakon baƙi.

Dariyar da aka yi ban ji irinta ba tun ranar da fasto ya faɗa kududdufi. Aka haɗa tebura, aka buɗe kuloli, miyata ta ƙare har ƙanzo. Ottmar ya sake hawa benci.

"Kun gani? Wannan zumunci, wa ya kawo shi?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ba a raina masa ba. Ƙungiya ta daɗe tana kashe kuɗin horo don ma'aikatan ƙasashen biyu su yi magana da murya ɗaya, abu ya gagara. Ranar zaɓe suka yi. Aka ba Bogumiła kujera, aka ba Traute mataimakiya, shi kuma Jamus da Poland suka haɗu, babu ko mai tari, suka mayar da shi kan mariƙin tukunya.