Kauɗar Tumatir a Saman Bene

Har yanzu in aka ƙwanƙwasa ƙofa sai gabana ya faɗi, kuma bakina ne ya ja mini.

Ɗalibai mata 'yan gida da ke karatu a nan Riyad sukan zo cin tuwo wurin Gwaggona a unguwar Ulaisha, kullum da kukan kuɗin tallafinsu ba ya kai ƙarshen wata. Ni kuwa da na yi darasin kasuwanci a sakandare, na gyara zama na ce, "Matsalarku sayen ɗai-ɗai. Mai tattali sari yake yi."

Gwaggo ta ce, "Ke, tattalin nan a ina za ki ajiye shi?"

Ban saurare ta ba. Suka haɗa mini kuɗin cefanensu, na je kasuwar Aziziya na ciko mota da kwalayen tumatir. Firjinmu ko kwali ɗaya bai ɗauka ba. Na ce ai ga rana kyauta, kauɗa za mu yi kamar a gida. Na yanyanka na shanya a saman bene.

Kafin la'asar tattabarun unguwa sun hallara walima. Abin da suka ci suka sauke a kan shanyar matar mai gidan da muke haya. Sai ga mai gidan a ƙofarmu yana faɗa da Larabci, yana neman iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar. Da ƙyar Gwaggo ta roƙe shi bai tashe mu ba.

Watan nan burodi da shayi ɗaliban suka sha. Yanzu da sun shigo sai su ce, "Malama Kauɗa, tattabaru na gaisuwa, suna tambayar ranar darasi na gaba."