Yadda Za Ka Sami Wanda Zai Ji Kiɗanka Har Ƙarshe a Zango

Kai saurayi mai jin kiɗan da ba mai ji sai kai, zauna. Na san irinka. A gidana na gan shi, jikana ne, sunansa Mani. Abin da zan faɗa maka an gwada shi a nan Zangon Wagadugu, shekarar da aka sauya wa ƙasa suna, kuma ya ci. Ka bi shi daki-daki, za ka sami abokin saurare. Ban ce biyu ba. Ɗaya. Duk wanda ya yi maka alkawarin biyu ƙarya yake yi.

Ni ban yi lekol ba, wato boko. Goro na sayar har gwiwa ta ƙi. Amma na san mutane, kuma wannan ya ishe ka.

1. Ka san ciwonka

Mani ya samo kaset ɗin ne wurin wani Nasara, malaminsu na lise, wato sakandare, da zai koma ƙasarsu. Sunan kiɗan, in ji Mani, rok furogiresif. Fuska guda ta kaset waƙa ɗaya ce. Ana farawa da iska, sai ƙararrawa, sai wani abu mai kuka kamar ƙofar da ta daɗe ba ta ga mai ba. Mawaƙin ba ya shigowa sai ka manta da shi. Ganga kuwa ɗingishi take yi, ka ɗaga ƙafa za ka taka, ta riga ta sauya hanya. A tsakiya kuma akwai shiru. Ba ɗan shiru ba, shirun da mutum zai je ya yi alwala ya dawo ya tarar da shi. Ka riƙe zancen shirun nan, za mu komo kansa.

In ya kunna sai ya rufe ido. Shi a wurinsa tafiya ce, a ɗauke shi a bi da shi wata ƙasa mai faɗi, a dawo da shi gida lafiya. Ciwon ba a tafiyar yake ba, a dawowar yake. Yana buɗe ido sai ya waiga yana neman wanda zai ce wa ka ji wancan wurin kuwa, bai taɓa samun kowa ba.

Gida ya kore shi daga zaure zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa lungun baya, gindin katanga, inda ake ɗaure akuya. Bayan katangar gidan su Huseina ne, 'yar maƙwabta mai ɗinki, kekenta yana ƙara wuni guda. Kullum Mani yana ƙorafin keken nan yana ɓata masa kiɗa. In haka rayuwarka take, kai nake nufi. Mu ci gaba.

2. Ka sami yaya mai rikoda

Rikodar ba ta Mani ba ce, ta yayansa Shitu ce. Bikin ƙanwarsu Saratu ya matso, Shitu yana neman kaset da zai ɗauki kiɗan rawa a kai. Ya ɗauki na Mani, ya juya gaba ya juya baya, ya ce wannan ai dama kusan babu komai a cikinsa. Mani ya ce kaf Wagadugu babu irinsa, in aka goge ya tafi ke nan, Nasaran ma ba a san garinsu ba. Shitu ya ce:

"To. Daga nan zuwa jajiberin biki ka kawo mini mutum ɗaya. Ba kurma ba, ba mai barci ba. Ya zauna ya ji fuskar nan daga farko har ta tsaya da kanta. Ka kawo, kaset naka ne. Ka kasa, mata su yi rawa a kansa."

Mani ya ce, "Yaya, na yarda."

Wa'adi yana da amfani. Saurayin da ba a sa wa wa'adi ba sai ya tsufa yana rufe ido kusa da akuya.

3. Kada ka yi bayani

Mani bai ji wannan ba. Ya ɗaura rikoda a bayan mobileti, ɗan babur ɗin nan, ya nufi kasuwar Rood Woko, rumfar Iro, Bakano mai atamfa, don an ce Iro haƙuri gare shi. Kafin ya kunna sai da ya yi jawabi, rabi Hausa rabi Faransanci, yana nuna yadda ganga take ƙirga bakwai inda ta mutane take ƙirga huɗu. Iro yana gyaɗa kai kamar ana taya masa kaya.

Da kiɗan ya yi nisa, Iro ya tambaya wa ake yi wa waƙar. Mani ya ce ba kowa. Iro ya ce ba sarki, ba attajiri, ba ko ɗan dambe? Mani ya ce babu. Iro ya ce, "Allah sarki. To wa yake ba su abinci?"

Sai wata mata ta zo taya atamfa. Iro ya miƙe, ya dafa kafaɗar Mani, ya ce samari ka je ka dawo in sun fara waƙar. A lokacin sun kusa rabi.

4. Ka kama mutane inda ba su iya tashi

Nan Mani ya nuna jinina ne. Samarin unguwa suna da wurin shan shayi a ƙofar shagon Boukari mai gyaran mobileti, kuma dokar wurin kowa ya san ta: wanda ya sha kofin farko ba ya tashi sai an zuba na uku. Tashi kafin nan zagin mai dafawa ne. Mani ya lura dafa shayi sau uku ya fi waƙarsa tsawo. Ya kawo ganye da sukari, ya ce yau shi ne mai rikoda.

Kofin farko ya wuce lafiya. An yi dariya da iska, an yi dariya da ƙofa, wani ya tashi zai gwada rawa ganga ta yar da shi a hanya. Amma ba wanda ya tafi. Mani ya fara lissafin yadda zai kira su gaban Shitu su yi shaida. Ana cikin kofi na biyu shirun ya zo.

Ka san mutanenmu. A Zango in rikoda ta yi shiru, magana ɗaya ce: batir ya mutu. Kafin Mani ya buɗe ido Boukari ya mari rikoda, ya ɓalle murfi, ya zazzage batir, ya ciji ɗaya, ya jera sauran a rana su sha zafi. Mani ya ce kai, a cikin waƙar ne, shirun ma kiɗa ne. Boukari ya dube shi da tausayi, ya ce ɗan'uwa kada ka ji kunya, kowa batirinsa yana mutuwa.

Har yau ba a yi Bazangon da zai ga rikoda ta yi shiru ya bar hannunsa a aljihu ba. Taimako ne, ba mugunta ba. Shi ya sa ba shi da magani.

5. Ka bar tsofaffi su huta

Ya gwada Inna, kakarsa. Ta ce kawo, ɗan nan, ni komai naka ina so. Ta zauna tana tsintar shinkafa, har kaset ya tsaya ba ta motsa ba. Mani ya ruga ya kira Shitu. Suka tarar da ita kai a ƙirji, kaza tana cin shinkafar.

Ni bai tambaye ni ba. Ya yi daidai.

6. Ka bi jita-jita, don ka san iyakarta

Aka ce masa akwai wani saurayi a unguwar Koulouba mai gashi buzu-buzu, ba ya magana da kowa, kullum kunnensa a jikin rediyo. Mani ya kwana biyu yana shirya abin da zai ce masa. Ya je Koulouba aka ce ya koma Tampouy. Ya je Tampouy ya same shi. Mutumin kirki ne, ya ba shi ruwan garin gero ya sha. Wasan ƙwallo yake ji.

A hanyar dawowa mai ya ƙare, Mani ya turo mobileti da ƙafa, rikoda tana lilo a baya. Garin cike da mutane, kowace ƙofa da kiɗanta, kowane kiɗa da masu tafa masa. Ya fara tunanin ko Shitu ne da gaskiya. Wataƙila babu komai a kaset ɗin, shi ne kawai kansa yake da wani rami da abin ya dace da shi. Wannan tunanin ya fi turin mobileti nauyi.

Kai ma za ka yi shi. Ka yi, amma kada ka zauna a kansa.

7. Ka kunna na ƙarshe a inda ka saba

Jajiberi ya zo. Bayan la'asar gida ya cika da mata da tukwane, Shitu ya riga ya cusa takarda a ramin bayan kaset, wanda in an toshe shi ake iya gogewa. Mani bai kawo kowa ba. Ya ce Yaya, ka bar ni in ji sau ɗaya. Shitu ya ce ji, amma yana tsaye a kansa, don kada kaset ya yi ƙafa.

Suka je lungu. Akuya tana nan, keken Huseina yana ƙara a bayan katanga. Iska ta taso, ƙararrawa ta buga, ƙofa ta yi kukanta. Wannan karon Mani bai rufe ido ba, yana kallon zaren kaset yana juyawa yana raguwa. Shitu yana ta sauya ƙafa. Shi ma bai taɓa wuce rabi ba.

Shirun ya zo. Shitu ya ce alhamdulillahi, ta ƙare, ya sunkuya zai danna.

"Shitu, bar ta. Ba ta ƙare ba."

Daga bayan katanga ne. Sai a lokacin Mani ya lura keken ma ya yi shiru. Ya tuna jiya, ya tuna shekaranjiya, ya tuna watannin baya, ya ga bai taɓa jin ƙarar keke a cikin shirun nan ba, ko sau ɗaya.

Shitu ya ɗaga kai ya ce Huseina, ke me kika sani a ciki, ki ji da ɗinkin amarya. Sai suka ji tana rera wani abu a hankali, ba kalmomi, ya hau sama ya ɗan tsaya ya gangaro. Tana sauke numfashi sarewa ta shigo daga cikin rikoda, ta bi hanyar nan sak, ta hau, ta tsaya, ta gangaro.

Shitu ya janye hannu. Suka saurara har kaset ya tsaya da kansa.

Mani ya miƙe, ya ce tun yaushe. Ta ce tun damina. Ya ce me ya hana ki faɗa. Ta ce ta taɓa rera wa ƙawayenta wurin lalle, suka ce a nema mata rubutu ta sha, daga ranar ta kama bakinta. Ta ƙara da cewa:

"Kuma don Allah ka riƙa sa batir mai kyau. Jiya mawaƙin nan kamar an tashe shi daga barci."

Shitu ya ce ai sharaɗinsa mutum ya zauna. Huseina ta ce a zaune take, ko ya taɓa ganin mai taka keke a tsaye? Shitu ya sa tsinke ya zaƙulo takardar, ya miƙa wa Mani kaset, ya tafi gidan Boukari neman aro. An yi rawa a bikin Saratu har ƙasa ta tashi, ba a kan kaset ɗin Mani ba.

To ka ji. Kada ka nemi mai tafi, kada ka nemi mai gyaɗa kai. In shirun ya zo, ka saurara ka ji abin da ya tsaya tare da shi.

8. In ka samu, ka shirya gardama

Kada ka ɗauka hutu ya zo. Mani yana cewa ganga ce ran waƙar. Huseina tana cewa a cire mawaƙin gaba ɗaya, ba abin da zai ragu. Kullum bayan la'asar shi a wannan gefe, ita a wancan, katanga a tsakani, suna musu kan mutanen da ko sunan unguwarsu ba su sani ba. Mani ya yi ƙiba. Akuyar ce ta rame.

Abin da ba ruwana da shi

In ka bi matakan nan yayanka ya goge maka kaset, ba ni na ce ka yi sharaɗi da wanda ya girme ka ba. In an ciji batirinka, ka nemi mai haƙoran. In bayan katangarku babu kowa sai makera, wannan rabonka ne, ba laifina ba. Kada a zo mini da zancen aure, ban gani ba, ban ji ba, kuma ba shi aka tambaye ni ba. Kada a kawo mini rikoda zaure, kada a ce in saurara. Na faɗa wa Mani, na faɗa maka, wannan ba kiɗa ba ne, kuma ban taɓa tsayawa na ji shi ba.

Musun da suka shiga kuwa tun makon jiya, wai sarewar bayan shirun ɗaya ce ko biyu, a gaya musu su bar mutane su huta. Biyu ce. Ta biyun tana shigowa ƙasa-ƙasa, daidai inda ta farko ta tsaya.

Ɗakina ne yake kusa da lungun.