Yadda Za Ka Tsallake Rariyar Imel Ka Rabu da Akun Maƙwabci

Idan saƙonninka na imel kullum a kwandon shara suke ƙarewa, tsakanin maganin sanƙo da gasar da ka ci ba tare da ka shiga ba, to share hawayenka. Bi matakan nan yadda suke, saƙonka zai isa ko rariyar da ke tace saƙonni tana so ko ba ta so. An gwada su a kan Kawu mai gyaran agogo, ga shi nan kuma da ransa.

Mataki na 1: Nemo gaskiyar da ba mai yarda da ita

Kawu bai sha wahalar neman tasa ba. Maƙwabcinsa Mai Aski, wanda suka tsufa shago na jikin shago, ya rasu ya bar masa aku, da wasiyyar a miƙa shi ga ɗansa da ke aiki a wani gari mai nisa. Lambar ɗan ta daina shiga, sai adireshin imel kaɗai ya rage, a rubuce a bango gefen madubi.

Akun kuwa ba abin da ya iya sai maganganun Mai Aski, da muryarsa sak. Ranar da ya dubi surukin gidan ya tambaye shi wa ya yi masa wannan ɗanyen askin, Inna matar Kawu ta yanke hukunci: ko ɗan ya zo ya ɗauki gadonsa kafin wata ya mutu, ko ta buɗe keji ta buɗe taga.

Mataki na 2: Rubuta kamar wanda ya samu tarbiyya

Sa kanun saƙon da manyan baƙaƙe, yadda Kawu ya yi: AMANAR MARIGAYI MAHAIFINKA, DA GAGGAWA. Gaishe shi da aiki, da gajiya, da iyali, da haƙurin rashi. Sannan ka shaida masa cewa bai san ka ba, amma kai amintaccen mahaifinsa ne, kuma an bar masa wani abu mai daraja a hannunka.

Aika. Jira. Sake aikawa. Masu hikima sun ce shiru ma amsa ce, amma ba su san imel ba.

Mataki na 3: Gwada a kan na gida

Da shirun ya yi yawa, Kawu ya tura saƙon zuwa wayar Inna don ya ga inda yake sauka. Aka same shi a kwandon shara. A samansa akwai wata matar marigayi babban soja da ke rubutowa daga gadon asibiti, tana kiran Inna "ƙaunataccen ɗan'uwana". A ƙasansa akwai likitan da ya yi alkawarin ƙara mata gemu.

Kawu ya gyara tabarau ya karanta na matar sojan har ƙarshe, ya ce a yi mata addu'a, jarrabawa ce. Inna ta gangara ƙasa ta nuna masa saƙonnin matar na baya. A wannan, jirgi ne ya faɗi da mijin, a wancan guba aka ba shi, a wani kuma yana nan da rai amma an tsare shi.

"Malam, ka dubi nata ka dubi naka," in ji Inna. "Ko ni ce rariyar, tare zan zubar da ku. Ita ma ta fi ka taƙaitawa."

Mataki na 4: Yanke

Ka riƙe wannan: rariya ba ta da iyaye, ba wanda ya koya mata gaisuwa. Duk mai yawan ladabi, ɓarawo ne a wurinta.

Inna ta karɓi wayar. Ta cire amana, ta cire gaggawa, ta cire daraja. Kawu ya roƙi a bar masa ko da "ina gajiya" ne, aka gwada, kwandon shara ya sake haɗiye shi. Abin da ya rage shi ne: "Akun babanka yana gidana. Zo ka ɗauka." Wannan kam ya wuce sumul.

Mataki na 5: Haɗiye kunya

Nan ne mafi yawan ɗalibanmu suke faɗuwa. Kawu ya ce shi bai taɓa yi wa maraya magana ba gaisuwa ba ta'aziyya ba, kuma ba zai fara da furfura ba. Sai Inna ta matsar da kejin kusa da taga. Kawu ya runtse ido ya danna.

Amsa ta zo kafin ya gama istigfari. Ɗan ya ba da haƙuri, ya ce ya ga saƙonnin farko a shara ya goge su da ɓacin rai, don ya ɗauka 'yan damfara ne ke wasa da mutuwar mahaifinsa. Wannan ne kawai ya gaskata, saboda bai taɓa ganin ɗan damfara mai rowar gaisuwa haka ba. Kawu bai ci abincin rana ba.

Mataki na 6: Miƙa amana

Ɗan ya zo, dogo mai kunya, da jaka a kafaɗa. Ya durƙusa gaban kejin. Akun ya karkata kai ya ƙare masa kallo, sannan ya ce da muryar Mai Aski, a hankali, "Sunkuyar da kai, babana, kar in yanke ka."

Ya sunkuyar. Ya daɗe bai ɗago ba. Kawu ya shiga goge agogon da ba ƙura a kansa, Inna kuma ta tuna wai ta bar tukunya a wuta.

Da ɗan ya ɗago, ya ce mai gidan da yake haya ba ya yarda da ko kifi a kwalba, balle tsuntsu mai baki. Kafin Kawu ya buɗe nasa bakin, Inna ta amsa daga kicin: "To wa ya ce ka tafi da shi? Tashi ka wanke hannu."

Gargaɗi

Alkawarinmu shi ne saƙo zai isa, kuma ya isa. Idan bayan haka aku yana nan a gidanka, ga ƙarin baƙo duk ƙarshen wata mai zama gaban keji yana cinye maka nama, ga matarka tana ɓare wa tsuntsu gyaɗa tana rantsuwar ba ita ba ce, babu hannunmu babu ƙafarmu. Mai ƙorafi ya turo mana ta imel, ya fara da doguwar gaisuwa.